Ƙugiyar da ke ɓacewa: Yadda ake daidaita haruffan Hausa a waya da na'urar karatu

Ma'aikacin ƙaramar hukuma a Anka zai karɓi sanarwa da Hausa ta WhatsApp, ya buɗe, sai ya ga 'yan akwatuna fanko a gurbin wasu haruffa: "□aramar hukuma", "ha□in gwiwa". Ɗan kasuwa a Gummi zai sauke littafi don ya riƙa dubawa idan ciniki ya lafa, sai ya tarar da "qasa", "xaya" da "vangare" sun cika shafi. Malamin makaranta a Bukkuyum kuma zai nemi kalmar "ƙa'ida" a cikin kundi mai shafi ɗari uku, na'ura ta ce masa babu ita, alhali ga ta nan yana kallo.

Duk su ukun kukansu ɗaya ne, wai na'ura ba ta jin Hausa. Sai dai matsalar kowannensu daban take, kuma maganinta daban. Wani canja zubin haruffa kawai yake buƙata, wato abin da masu kwamfuta ke kira font. Wani kuwa ko zubi ɗari ya canja ba zai ga sauyi ba, domin aibin yana cikin takardar tun daga hannun wanda ya buga ta. Wannan bayani ya tattaro abin da mai karatu ke buƙatar sani don ya gane inda cutar take kafin ya nemi magani.

Abin da ƙugiya ke ɗauke da shi

Rubutun boko na Hausa yana da haruffa uku masu ƙugiya da ake amfani da su a Najeriya: ɓ, ɗ da ƙ, tare da manyansu Ɓ, Ɗ da Ƙ. Akwai na huɗu, ƴ, wanda Jamhuriyar Nijar ta ɗauka a ƙa'idar rubutunta. A Najeriya ana rubuta wannan sauti da 'yar alama a sama kafin y, kamar a 'ya'ya da 'yan kasuwa.

Ƙugiyar nan ita ke raba kalmomi da dama. Hadari na damina ne, haɗari kuwa na hanya. Fada wurin zaman sarki ce, faɗa abin da ake kai wa sarki ya raba. Ƙara tana kotu, kara yana gona. Haka ƙafa da kafa, baƙi da baki, ƙashi da kashi. Gaskiya ne cewa wanda ya ƙware a karatu yakan gane abin da ake nufi daga zubin zance, shi ya sa mutane da yawa ke aika saƙon waya babu ƙugiya kuma ana fahimtarsu. Amma takardar hukuma, da yarjejeniyar ciniki, da bayanin kiwon lafiya ba wuraren kintace ba ne.

Mutanen yammacin Zamfara sun san nauyin bayanin lafiya. Daga shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma da Bagega, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, kuma yara fiye da 400 suka rasu. Kalmomin da ake faɗakarwa da su kan wannan annoba kusan duk masu ƙugiya ne: niƙa, ƙura, ƙasa, gurɓata. Idan aka rubuta "a kare yara daga ƙura" sannan ƙugiyar ta faɗi, abin da ya rage a takarda shi ne kura ta daji.

Sunayen garuruwa ma haka suke. Ɗaki Takwas da ke ƙaramar hukumar Gummi, da Ƙaura Namoda, da Bunguɗu, duk ana ganin su a takardu iri biyu, da ƙugiya da babu. A wurin kwamfuta kuwa D da Ɗ haruffa biyu ne mabambanta, don haka mai neman suna a cikin rajista zai iya samun rabin abin da yake nema, rabin ya ɓoye masa. Karin harshen yankin ya ƙara yawan buƙatar, domin inda Bakano zai ce 'ya ko 'ya'ya, Bazamfare ɗiya yake cewa.

Daga ina haruffan suka fito

Turawan da suka fara rubuta Hausa da boko sun rasa haruffan da za su wakilci waɗannan sautuka, sai wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin b, d da k, wasu kuma suna sa alama a gefensu. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, sannan ƙamus ɗin G. P. Bargery ya fito a 1934. A cikin shekarun 1930 ne Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta rungumi haruffa masu ƙugiya, bisa tsarin da wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da ke Landan ta ba da shawara. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairun 1939, da littattafan Abubakar Imam da takwarorinsa, su suka kai haruffan kowane lungu na Arewa.

Maɗaba'a ta iya zuba wa kanta haruffan ƙarfe, amma keken rubutu na ofis, wato tafireta, galibi na Ingilishi ne. Akawu yakan buga takarda da b, d da k, sannan ya bi ta da biro yana ɗora ƙugiya. Da kwamfuta ta zo ita ma ba ta zo da haruffan ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro zubin haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ba marubuta da ɗalibai da maɗaba'u damar buga Hausa daidai. Dabarar zubi irin na wancan zamani ita ce a ari gurbin wani harafi ko wata alama da Hausa ba ta amfani da ita, a zana mai ƙugiya a wurin. Dabarar ta yi aiki sosai a kan takarda, kuma dubban littattafai da kundayen digiri da ita aka buga su. Sai dai ita ce kuma tushen "qasa" da "xaya" da ake gani a yau, kamar yadda bayani zai zo.

Yadda na'ura ke gane harafi

Abu biyu ne ke haɗuwa kafin harafi ya bayyana a fuskar waya ko na'urar karatu. Na farko lamba ce. Kwamfuta ba ta ajiye siffar harafi, lambarsa take ajiyewa. Tsarin da duniya ta amince da shi wajen ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa shi ne Unicode, wanda aka fara wallafawa a 1991, kuma haruffan Hausa suna cikinsa. Lambar ƙ ita ce 0199, ta Ƙ 0198, ta ɓ 0253, ta Ɓ 0181, ta ɗ 0257, ta Ɗ 018A, ta ƴ 01B4, ta Ƴ kuma 01B3. Alamar naira, ₦, tana da lamba 20A6.

Na biyu shi ne zubin haruffa, wato fayil ɗin da ke ɗauke da zanen kowane harafi. Idan na'ura ta ci karo da lamba 0257, sai ta duba zubin da ake aiki da shi ta ɗauko zanen ɗ. Lambar kamar lambar rumfa ce a kasuwa: tana iya kasancewa daidai, amma a je a tarar rumfar babu kaya. Babu zubin da ya ƙunshi dukkan haruffan duniya, kuma da yawa daga masu zana su sukan tsaya ne a kan haruffan harsunan Turai.

Akwai wani abu da ke rikita mutane. Ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin nazarin furuci, yayin da ƙ da ƴ da dukkan manyan haruffan ke cikin wani rukuni daban. Saboda haka zubi yana iya ƙunsar ƙ ya rasa ɗ, ko ya ƙunshi ƙaramin harafi ya rasa babbansa. Ganin harafi ɗaya ya fito daidai bai isa shaida cewa zubin ya cika ba.

Alamomi huɗu da abin da kowace ke nufi

Alama ta farko ita ce akwati fanko, ko gurbi babu komai, a inda harafi mai ƙugiya ya kamata ya kasance. Wannan na nufin rubutun lafiya yake, zubin ne bai da zanen harafin. Canja zubi yana magance shi nan take.

Alama ta biyu ita ce harafin ya fito, amma ya yi dabam da 'yan'uwansa: ya fi su kauri, ko tsawo, ko ya karkace. A nan na'urar ta rasa harafin a zubin da aka zaɓa, sai ta aro shi daga wani. Ana iya karantawa, amma yana gajiyar da ido a dogon karatu. Maganinsa shi ma canja zubi ne.

Alama ta uku ita ce ganin q, x da v a gurbin ƙ, ɗ da ɓ, ko ganin alamomi irin su "}asa", "ha]a" da "~angare". Wannan takarda da tsohon zubi aka buga ta. Lambar da ke cikinta ta q ce ko ta wata alama, zanen ne kawai aka mayar mai ƙugiya, kuma da zarar ta bar kwamfutar da ke da wancan zubi sai asirinta ya tonu. Sabon zubi ba zai gyara ta ba. Rubutun kansa za a gyara.

Alama ta huɗu ita ce tarkacen haruffa irin su "Æ™asa" a maimakon ƙasa, ko "É—aya" a maimakon ɗaya. Wannan na faruwa idan manhaja ta buɗe fayil da tsarin lambobi da ba nasa ba. Sau da yawa sake buɗe shi da tsarin UTF-8 yana dawo da komai. Amma idan alamar tambaya ce ta maye gurbin harafin, kamar "?asa", kuma aka riga aka ajiye fayil ɗin a haka, to harafin ya salwanta, sai a nemi asalin takardar daga wanda ya aiko ta.

Zubin da ya dace a zaɓa

Akwai zubi masu inganci da ke ɗauke da dukkan haruffan Hausa, kuma kyauta ne. Cibiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar da Charis da Gentium, waɗanda suka dace da dogon karatu, da kuma Andika, wanda aka zana musamman domin masu koyon karatu, haruffansa a buɗe suke ba sa rikicewa da juna. Kamfanin Google yana da Noto Sans da Noto Serif, waɗanda aka yi su da niyyar kawar da akwati fanko daga kowane harshe. Dukkansu suna ƙarƙashin lasisin da ya halatta a kwafa, a raba wa jama'a, a kuma saka su cikin littafi. Times New Roman, Arial da Calibri da ke zuwa da Windows na zamani su ma suna da haruffan, amma mallakar kamfani ne, lasisinsu bai ba da damar raba su ba. Tsofaffin kwamfutoci masu Windows XP, waɗanda har yanzu akan samu a wasu shagunan buga takardu, nasu zubin galibi bai da su.

Mai amfani da ƙamus ko littafin nahawu, inda ake sa alamun karin sauti da na tsawon wasali a kan haruffa, zai fi samun biyan buƙata da Charis ko Gentium, domin sun iya ɗora alama a kan harafi ba tare da ta zame gefe ba.

Kafin a amince da kowane zubi, a gwada shi da jimla guda mai ɗauke da komai, misali: "Ɗanladi ya ɗauko ɓawon gyaɗa daga Ƙaura, Ɓaidu ya ƙi biyan ₦500." A ƙara Ƴ da ƴ a ƙarshe idan ana karanta littattafan Nijar. A duba jimlar a rubutu na yau da kullum, da mai kauri, da mai karkata, domin kowanne fayil ɗinsa daban. Shi ya sa zubi ke zuwa da fayil huɗu, kuma ya kamata a kwafe su duka.

Yadda ake saka zubi a na'urar karatu

Na'urar karatu ita ce wadda aka ƙera musamman domin littattafai, mai fuska irin ta takarda da ba ta ƙyalli a rana, wadda caji ɗaya kan kai ta kwanaki masu yawa, har makonni. Wannan ya sa ta dace da wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas. Fitattu a cikinsu su ne Kindle na kamfanin Amazon, wanda ya fara fitowa a 2007, da Kobo, da PocketBook, da Boox.

A Kindle, damar saka zubi daga waje ta zo ne a 2018 tare da sabunta manhaja mai lamba 5.9.6. Ana haɗa na'urar da kwamfuta ta igiyar USB, a buɗe ta kamar yadda ake buɗe filashi, a nemi jakar da aka rubuta wa fonts. A cikinta ake zuba fayilolin zubin, masu ƙarewa da ttf ko otf, bayan an warware su daga ƙunshin zip da suka zo a ciki. Sai a cire igiyar, a buɗe littafi, a taɓa saman shafi, a zaɓi alamar Aa, sunan sabon zubin zai bayyana a jerin. Littattafan da ke cikin tsohon tsarin MOBI ba sa karɓar zubi daga waje, sai an juya su zuwa AZW3. Idan littafi ya zo da nasa zubi a ciki, za a ga zaɓin Publisher Font, wato zubin mawallafi, kuma yana da kyau a fara gwada shi.

A Kobo hanyar kusan ɗaya ce, sai dai mai na'urar ne zai ƙirƙiri jakar da kansa a matakin farko na ma'ajiyar, ya sa mata suna fonts da ƙananan haruffa. Idan zubin bai bayyana ba bayan cire igiya, a kashe na'urar a sake kunnawa. Boox kuwa da Android take aiki, don haka abin da za a faɗa game da waya ya shafe ta.

Wannan gyara jikin littafi kawai yake shafa. A Kindle, jerin sunayen littattafai da sauran rubutun na'urar suna nan da zubin kamfani, don haka sunan littafi yana iya fitowa da aibi a jeri alhali cikinsa lafiya lau. Canja wannan zubi na can ciki yana buƙatar a fasa makullin manhajar na'urar. Yin haka na iya soke garantin kamfani, kuma kuskure kaɗan kan sa na'urar ta ƙi tashi. Ga wanda ke Gummi ko Bukkuyum, inda mai gyaran irin wannan na'ura ke da wuyar samu, ribar ba ta kai kasadar ba. Gyara sunan littafin a kwamfuta ya fi sauƙi.

Waya, wadda ita ce na'urar karatun mafi yawan jama'a

Mafi yawan masu karatu a Arewa da waya suke yi, galibi Tecno, Infinix, itel ko Samsung. Zubin da Android ke zuwa da shi yana da haruffan Hausa. Matsala takan fara ne idan mai waya ya shiga shagon ado na wayar ya sauke zubi mai kwalliya, irin mai kama da rubutun hannu. Da yawansu haruffan Ingilishi kawai suka ƙunsa, sai ɓ, ɗ da ƙ su riƙa fitowa bare a tsakiyar kalma. Maganin shi ne a koma saituna, a shiga sashen fuska ko na ado, a mayar da zubin asali.

Domin karatun littattafai kuma, manhajoji irin su Moon+ Reader, Librera da KOReader suna karɓar zubi daga waje. Ana ajiye fayilolin a jakar da manhajar ta tanada, sannan a zaɓe su daga saitunan rubutu. Ta haka mutum zai iya karatu da Charis ko Andika ba tare da ya taɓa zubin wayar gaba ɗaya ba.

Bambancin PDF da EPUB

Duk abin da aka faɗa a sama yana aiki ne a kan littafin da rubutunsa ke bin girman fuska, kamar EPUB da AZW3. PDF kuwa shafi ne da aka daskarar. Zubin da aka yi shi da shi yana tafiya tare da shi, kuma mai karatu ba shi da ikon canja shi. Idan an yi PDF daidai, zai fito daidai a ko'ina. Idan an yi shi da aibi, babu saitin da zai gyara shi.

A nan ne amsar malamin Bukkuyum take. Kundin da aka buga da tsohon zubi sannan aka mayar da shi PDF yana nuna ƙugiya daidai a ido, amma a ƙarƙashi q ce da x da v. Mai neman "ƙa'ida" a irin wannan kundi sai ya rubuta "qa'ida" kafin ya same ta, kuma duk abin da ya kwafa daga ciki zai fito da aibin. Akwai kuma PDF da hotunan shafuka ne kawai aka ɗauka daga bugaggen littafi. Wannan ba rubutu ba ne a wurin na'ura, don haka ba a bincike a cikinsa, kuma zubi bai shafe shi ba.

Gyaran tsofaffin takardu

Ofisoshi da makarantu da kotuna da ke riƙe da takardun Hausa na shekarun baya za su iya mayar da su tsarin Unicode da umarnin nema da musanyawa da ke cikin Word, ko a manhajar Calibre, wadda kyauta ce kuma ana amfani da ita wajen juya littafi daga wani tsari zuwa wani. Da farko a ajiye kwafin asali a gefe. Sannan a kunna zaɓin da ke bambanta babban harafi da ƙarami, a musanya q da ƙ, Q da Ƙ, x da ɗ, X da Ɗ, v da ɓ, V da Ɓ. A takardun da suka yi amfani da alamomi, galibi } na nufin ƙ, { na nufin Ƙ, ] na nufin ɗ, [ na nufin Ɗ, ~ na nufin ɓ, | kuma Ɓ, amma a tabbatar daga kalmomin takardar kafin a fara.

Bayan musanya dole a bi takardar da ido. Umarnin ba ya bambanta kalmar Hausa da ta wani harshe, don haka BVN zai koma BƁN, lambar Romawa XV ta lalace, adireshin imel ma ya gurɓace. A kuma lura da alamar da ke kan 'yan da 'ya'ya, domin Word yakan juya ta baibai idan ta zo a farkon kalma, kuma hakan na hana bincike gano kalmar.

Littafi mai rubutu biyu, da batun ajami

Wasu littattafan suna haɗa Larabci da boko a shafi ɗaya. Sanannen misali shi ne tarjamar ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, haifaffen garin Gummi kuma tsohon Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, wanda ya rasu a 1992. Irin wannan littafi zubi biyu yake buƙata, ɗaya na Larabci ɗaya na boko mai ƙugiya, kuma manhajar karatun ta iya tafiyar da rubutu daga dama zuwa hagu tare da haɗa baƙaƙe. Wanda zai karanta shi a waya ya fi dacewa ya nemi bugun da aka tantance, ya kuma gwada wasu shafuka da bugaggen littafi.

Ajami yana da nasa buƙatu. Har yau yana kan takardun naira 200, 500 da 1000, kuma da shi dattawa da yawa ke rubuta wasiƙa da lissafin bashi. Wanda ya yi makarantar allo ya saba da rubutun Warshu, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Zubin Larabci da ke zuwa da waya na ƙasashen gabas ne, inda fa ke da ɗigo a sama, ƙaf kuma biyu, don haka abin da aka rubuta fa yana iya yi masa kama da ƙaf. Hausa kuma tana da ƙarin baƙaƙe masu ɗigo uku domin sautuka irin su tsa, da ɗigon imala a ƙarƙashi domin wasalin e. Unicode ya riƙa ƙara waɗannan a hankali, har ya sa fa, ƙaf da nun irin na Afirka a 2016. Zubin da aka yi domin wannan aiki su ne Alkalami, wanda ya kwaikwayi rubutun Kano mai kauri, da Harmattan, mai siffar da aka saba da ita a Afirka ta Yamma. Dukansu na SIL ne, kyauta ne, kuma ana saka su kamar yadda aka bayyana a sama.

Idan babu sabis

A farkon watan Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, kuma ƙananan hukumomin da ke wajen Gusau sun shafe makonni masu yawa babu waya babu intanet. Ko a ranakun da babu rufewa, sabis a ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum yakan zo ya ɗauke. Wasu shafukan intanet da manhajoji suna ɗauko zubinsu ne daga intanet a duk lokacin da aka buɗe su, don haka idan sabis ya yanke sai su koma kan abin da ke cikin na'ura.

Saboda haka ya fi dacewa zubin ya zauna a cikin na'urar, ko a cikin littafin kansa. Fayil ɗin zubi bai fi girman hoto ɗaya ko biyu na waya ba. Mutum ɗaya zai iya sauke shi a Gusau ko Sakkwato, ya raba wa ofis ko makaranta gaba ɗaya ta Bluetooth, Xender ko filashi, ba tare da an kashe data ba.

Nauyin da ke kan mai rubutu

Mafi yawan wahalar mai karatu daga teburin mai buga takarda take farawa. Wanda ke shirya sanarwa, ko takardar yarjejeniya, ko littafi, ya buga da haruffan Unicode tun daga farko. A waya, Gboard da SwiftKey suna da Hausa cikin harsunansu, kuma da zarar an ƙara ta, danne b, d, k ko y na ɗan lokaci yakan fito da mai ƙugiya. A kwamfuta, Windows yana da allon madannai na Hausa da ake ƙarawa daga saitunan harshe, akwai kuma manhajar Keyman. A Word ma ana iya rubuta lambar harafi, misali 0199, sannan a danna Alt da X tare, sai ƙ ya fito.

Idan takarda ce da ba a son a taɓa, a fitar da ita PDF daga rubutun Unicode, don ta karantu kuma ta binciku. Idan littafi ne, a yi shi EPUB a saka zubin a ciki, abin da Calibre ke yi cikin sauƙi. Kafin a tura wa jama'a, a buɗe ta a wata waya da ba wadda aka yi aikin da ita ba, musamman ƙaramar waya mai araha irin wadda mafi yawan masu karɓar saƙon ke riƙe da ita, a nemi kalma ɗaya mai ƙugiya a ga ko na'urar za ta gano ta.